Me ya sa lemon tonik yake ƙyallin shuɗi a ƙarƙashin fitilar duba kuɗi?

Tambaya: Wani malamin kimiyya a makarantar sakandare ya rubuto cewa ya haska kofin lemon tonik da fitilar nan da ake gane jabun kuɗi da ita, sai ruwan, wanda a ido ba shi da launi ko kaɗan, ya koma shuɗi mai haske kamar an kunna wuta a cikinsa. Da ya barbaɗa gishiri a kofin kuma, hasken ya dushe. Yana so ya san ko rini aka zuba a lemon, me ya haɗa gishiri da haske, kuma ko gaskiya ne wannan ƙyallin shaida ce cewa tonik yana maganin zazzaɓin cizon sauro.

Amsa: Malam, ba rini ba ne, kuma ba wani abu ne da kamfani ya ƙirƙira don ado ba. Abin da ka gani kwinin ne, sinadarin da ke ba tonik ɗacinsa, wanda ake samu daga ɓawon bishiyar sinkona. Asalin bishiyar tana gangaren tsaunukan Andes ne, a ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado da Kolombiya, kuma dangin bishiyar kofi ce. A shekarar 1820 wasu masu haɗa magunguna biyu a birnin Paris, Pelletier da Caventou, suka fitar da kwinin tsantsarsa daga ɓawon, bayan an shafe kusan ƙarni biyu Turawa suna jiƙa garin ɓawon suna sha don zazzaɓi ba tare da sanin abin da ke aiki a cikinsa ba. Har yau daga bishiya ake samunsa, mafi yawa daga gonakin gabashin Kwango, domin haɗa shi a ɗakin gwaji, ko da yake an iya, ya fi noma shi tsada nesa ba kusa ba.

Kafin mu shiga cikin ƙwayar kwinin, sai mu fara daidaita fahimtarmu game da haske, domin a nan ne yawancin ɗalibai suke ruɗewa. Duk mai sauraren rediyo ya san gajeren zango da matsakaicin zango, kuma haske ɗan gidan nan ne, sai dai zangonsa ya yi gajartar da ba a auna shi da mita, sai da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Idon mutum yana gani daga wajen nanomita 400, inda launin shunayya yake, zuwa wajen 700, inda ja yake, kuma sauran launukan bakan gizo suna jere a tsakani. Abin da ya gaza 400 shi ne ultrabayolet, wanda ba ma ganinsa amma yana nan cikin hasken rana, kuma shi ne fitilar duba kuɗi take fitarwa, galibi a nanomita 365 ko 395. Ƙa'idar da ya kamata a riƙe ita ce haske yana zuwa ne ƙunshi-ƙunshi, kuma gwargwadon gajartar zango, gwargwadon yawan kuzarin da ke cikin kowane ƙunshi. Ƙunshin ultrabayolet ya fi na shuɗi kuzari, na shuɗi kuma ya fi na ja.

Kwinin a cikin ruwa mai tsami yana shanye haske sosai a wurare biyu, wajen nanomita 250 da wajen 350, dukansu a yankin da ido ba ya kaiwa. Wannan ne dalilin da ya sa tonik ba shi da launi a kwalba: ja da kore da shuɗi duk suna ratsa shi su wuce ba tare da ya taɓa su ba. Amma idan ƙunshin ultrabayolet ya faɗa wa ƙwayar kwinin, ɗaya daga cikin ilektiron ɗinta, wato ƙananan ƙwayoyin nan masu cajin lantarki da ke cikin kowace zarra, yakan karɓi kuzarin gaba ɗaya ya hau mataki na sama, cikin lokacin da bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan biliyan na daƙiƙa ba. Ƙwayar ba ta iya zama a wannan hali. Da farko takan yi rawa, ta zubar da wani ɓangare na kuzarin ga ruwan da ke kewaye da ita a matsayin zafi, sannan bayan kimanin nanodaƙiƙa 19, wato kashi 19 cikin biliyan na daƙiƙa, ilektiron ɗin ya sauko mazauninsa, ya saki ragowar kuzarin a matsayin sabon ƙunshin haske. Da yake an riga an rage wani abu, ƙunshin da ya fito bai kai wanda ya shiga kuzari ba, saboda haka zangonsa ya fi tsawo, ya faɗo wajen nanomita 450, wanda shi ne shuɗi. Ƙwayar kwinin tana aiki ne kamar dillali: an damƙa mata kuɗi, ta cire la'adarta, ta miƙa saura. La'adar nan, kusan kashi 22 cikin ɗari na kuzarin kowane ƙunshi, ita ce ta mayar da abin da ba a gani ya zama abin gani. Masana suna kiran wannan hali fuloresens, ni kuma zan ci gaba da ce masa ƙyalli don sauƙi.

Ya kamata a bambanta shi da abubuwa biyu da suke kama da shi. Hannun agogon da ke ci gaba da haske bayan an kashe fitila yana riƙe kuzari ne na daƙiƙoƙi ko mintuna kafin ya sake shi, ƙwarin da ke walƙiya da dare a damina kuma suna samar da haskensu ne daga sinadaran da ke haɗuwa a jikinsu. Kwinin ba ya ajiye komai, ba ya kuma ƙona komai. Da ka kashe fitilar, ƙyallin ya tafi tun kafin ido ya ƙifta.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci a ganina, wato siffar ƙwayar kanta, domin duk sauran tambayoyinka a nan amsarsu take. Ƙwayar kwinin ɗaya tana da zarra 48: kabon 20, haidirojin 24, naitirojin 2, oksijin 2, kuma nauyinta 324 ne a ma'aunin masana sinadarai. An gina ta ne gida biyu da aka haɗa da gada ta kabon guda ɗaya mai ɗauke da oksijin da haidirojin. Gida na farko, wanda ake kira kwinuklidin, keji ne dunƙulalle na kabon bakwai da naitirojin ɗaya, duk ɗaurinsa mai igiya ɗaya ne, kuma ilektiron ɗinsa a ɗaure suke tam, ba hasken fitilarka ne zai motsa su ba. Wannan gida ba shi da hannu wajen shan haske. Gida na biyu, wanda ake kira kwinolin, zobba biyu ne masu kusurwa shida-shida da suka haɗa bango ɗaya, a shimfiɗe kamar faifai, da kabon tara da naitirojin ɗaya. A kan wannan faifan akwai ilektiron goma da ba su da mazauni guda, suna yawo a saman zobban biyu da ƙasansu. Irin waɗannan ilektiron masu faɗin fili su ne ƙunshin haske yake iya ɗagawa da kuzari kaɗan, kuma da yake faifan ƙaƙƙarfa ne, ba ya lanƙwasa ba ya murɗewa, ƙwayar ba ta da hanya mai sauƙi ta zubar da kuzarin duka a matsayin zafi, sai ta fitar da shi a matsayin haske. Wannan ƙa'ida ce da za ka tarar a kusan duk sinadaran da ke ƙyalli: zobba a shimfiɗe, ilektiron masu yawo, jiki mara lanƙwasa.

Sai dai kwinolin shi kaɗai ba ya ba da wannan shuɗi. Akwai wani ɗan reshe a jikin zoben, a gurbi na shida, mai oksijin ɗaya da kabon ɗaya da haidirojin uku, wanda ake kira metoksi, kuma shi ne yake tura ilektiron cikin zoben daga gefe guda. A ɗaya gefen akwai naitirojin, wanda idan ya kama firoton, wato haidirojin mai caji da asid yake saki, daga ruwa mai tsami yakan sami caji mai jan ilektiron zuwa gare shi. To wannan turi daga nan da ja daga can su ne suke rage tazarar da ke tsakanin matakin ƙasa da na sama, har shan haske ya matso zuwa nanomita 350. Kuma lokacin da ilektiron ya hau sama, caji yakan gusa daga ɓangaren metoksi zuwa ɓangaren naitirojin, sai ƙwayoyin ruwan da ke kewaye su juya su daidaita da sabon yanayin, wanda hakan yake ƙara cin wani kuzarin. Shi ya sa tazarar da ke tsakanin hasken da aka sha da wanda aka fitar ta kai nanomita 100 cur, tazara babba idan aka gwada da ta sinadarai da yawa.

Bishiyar sinkona da kanta ta ba mu hujja a kan wannan bayani. Ɓawonta yana ɗauke da manyan sinadarai huɗu 'yan uwan juna: kwinin, kwinidin, sinkonin da sinkonidin. Kwinidin yana da zarra iri ɗaya da kwinin, an ɗaura su a jere iri ɗaya, bambancinsu kawai yadda wurare biyu kusa da gadar suke fuskanta, kuma yana ƙyallin shuɗi daidai da kwinin. Sinkonin da sinkonidin kuwa ba su da reshen metoksi, kuma idan ka narkar da su a asid ba za ka ga wannan shuɗi mai ƙarfi ba, abin da masu haɗa magunguna suka daɗe suna amfani da shi don rarrabe su. Haka nan idan aka yanke kejin kwinuklidin gaba ɗaya aka bar zoben kwinolin da metoksinsa kawai, har yanzu shuɗin yana nan a ruwa mai tsami. Wato hasken na rabin ƙwayar ne, ba na dukanta ba, kuma wannan magana za ta dawo mana idan muka zo batun magani.

Tsamin ruwan ma ba ƙaramin abu ba ne. Naitirojin biyun nan kowanne yana iya kama firoton, amma ba da ƙarfi ɗaya ba. Na cikin keji yana riƙe nasa har sai ma'aunin tsami na pH, wanda lambarsa take hawa idan tsami ya ragu, ya haura wajen 8.5, na cikin zoben kwinolin kuwa yakan saki nasa da zarar an wuce wajen 4. Lemon tonik yana da asid irin na lemun tsami, pH ɗinsa yana ƙasa da 3, don haka duka naitirojin biyun suna riƙe da firoton, kuma a wannan hali ne ƙyallin ya fi ƙarfi ya fi shuɗi. Idan ka zuba bekin soda kaɗan-kaɗan, naitirojin na zoben zai saki firoton ɗinsa, hasken ya ragu ya karkata zuwa shunayya, wajen nanomita 390, inda ido ba ya gani sosai. Idan aka ci gaba da ƙara alkali mai ƙarfi har na cikin kejin ma ya saki nasa, ƙyallin yakan kusan ƙarewa, domin naitirojin da ba ya riƙe da firoton yana da ilektiron biyu a sake, kuma su ne suke buɗe wa kuzarin wata ƙofar da zai fita ba tare da haske ba. Mayar da tsami yana mayar da hasken. Ina ba da shawarar a yi wannan gwaji da bekin soda, kada a yi da kanwa, domin kanwar kasuwa sau da yawa tana gauraye da gishiri, sai abubuwa biyu su cakuɗe, ɗalibi ya kasa gane wanne ne ya kashe hasken.

Wannan ya kawo mu ga gishirin da ka barbaɗa, wanda shi ne sashen da na fi so a tambayar taka. Gishiri bai lalata kwinin ba, bai canza tsamin ruwan ba, bai kuma hana ƙwayar shan ultrabayolet ba. In da za ka auna yawan hasken da ruwan yake sha kafin gishiri da bayansa, za ka tarar kusan ɗaya ne. Abin da ya faru yana cikin nanodaƙiƙa 19 ɗin nan da ƙwayar take jira a sama. A idonmu wannan ba lokaci ba ne, amma a duniyar ƙwayoyin da ke kai-komo cikin ruwa lokaci ne mai tsawo. Gishiri idan ya narke yana rabuwa zuwa sodiyam da kulorayid, kuma kulorayid yana da cajin da ke kishiyantar na kwinin, don haka suna jan juna. Idan kulorayid ya yi karo da ƙwayar kwinin tana cikin wannan hali na jira, yakan miƙa mata cajinsa na ɗan lokaci, ta sauko ƙasa ta wata hanya, kuzarin ya watse cikin ruwa a matsayin zafi, ba tare da ƙunshin haske ya fito ba. Daga nan kowa ya kama gabansa, kwinin yana nan yadda yake, a shirye ya sake shan wani hasken, ya sake haɗuwa da wani kulorayid.

Tun da karo ne yake kashe hasken, yawan kulorayid shi ne yake yanke hukunci. Masana biyu a Jamus, Stern da Volmer, sun tsara lissafin wannan a 1919: idan ka raba ƙarfin hasken da babu gishiri da ƙarfinsa bayan an sa gishiri, sakamakon yana hawa a miƙe tare da yawan gishirin. Cokalin shayi ɗaya na gishiri, kimanin giram 6, a kofi ɗaya ya isa ya dusar da mafi yawan hasken. A cikin dangin kulorayid, buromayid ya fi shi iya wannan aiki, ayodayid kuma ya fi su duka, domin ya fi su sauƙin sakin ilektiron. Sukari ba ya yin komai, kuma yana da kyau a nuna wa ɗalibai wannan a kofi na gefe, don kada su ɗauka duk abin da aka zuba yana kashe haske. Bilic na wanki ma yana kashe ƙyallin, amma nasa daban ne, domin shi yana cin ƙwayar ne ya canza ta, kuma abin da ya kashe ba ya dawowa. Wannan halin da zoben ke da shi na jin kulorayid bai tsaya a matsayin abin mamaki kawai ba: masana ilimin ƙwayoyin halitta sun ƙera sinadarai a kan wannan zobe mai metoksi, waɗanda suke sakawa cikin ƙwayar halitta mai rai don auna shige da ficen kulorayid ta hanyar kallon yadda hasken yake ƙaruwa ko raguwa.

Saboda wannan dalili ne a ɗakin gwaji ake narkar da kwinin a cikin asid na salfa, wato irin ruwan batir da aka sirka ƙwarai, ba a cikin asid na haidirokulorik ba, wanda shi kansa kulorayid ne ke cikinsa. A cikin asid na salfa, daga kowane ƙunshin haske 100 da kwinin ya sha, kimanin 55 suna dawowa a matsayin shuɗi. Wani masani mai suna Melhuish ya auna wannan adadi a 1961 ya sami 0.546, kuma shekaru da dama da wannan ma'auni ake gwada ƙyallin sababbin sinadarai, domin kwinin yana samuwa da tsabta, ba ya saurin lalacewa, iskar oksijin kuma ba ta dame shi sosai. Ba na ba da shawarar a taɓa ruwan batir a aji. Tonik ya wadatar, kuma asid ɗinsa na sha ne.

Tarihin gano wannan hali yana da darasi ga mai koyarwa. A 1845 Sir John Herschel a Ingila ya lura cewa ruwan kwinin mai tsami, in hasken rana ya faɗa masa, yakan nuna shuɗi irin na sararin sama, amma a ɗan siririn wuri kawai, daidai inda hasken ya shiga. Ya ɗauka abu ne da ya shafi fatar ruwan. Lura tasa daidai ce, fassarar ce ba ta cika ba: ruwansa ya yi kauri da kwinin, har ƙwayoyin da ke baki-baki suka shanye ultrabayolet ɗin duka, babu abin da ya isa ciki. Za ka iya ganin wannan da kanka, domin idan ka haska dogon kofi daga gefe, ɓangaren da ke kusa da fitila ya fi haske, in kuma ka sirka tonik ɗin da ruwa sai hasken ya bazu ko'ina daidai. A 1852 George Stokes, malami a Jami'ar Kambirij, ya warware matsalar da kayan aiki masu sauƙi. Ya raba hasken rana zuwa launukan bakan gizo da gilashi mai kusurwa uku a ɗaki mai duhu, ya ɗauki kwalbar gwaji mai ruwan kwinin yana gusawa da ita daga ja zuwa rawaya zuwa kore, ruwan bai nuna komai ba. Da ya kai ƙarshen shunayya ya wuce cikin duhun da ke bayansa, inda ido ba ya ganin haske ko kaɗan, sai kwalbar ta kama da shuɗi. Daga nan ya kafa ƙa'idar cewa hasken da ke fitowa zangonsa ya fi na wanda ya shiga tsawo, kuma har yau da sunansa ake kiran wannan tazara. Stokes ya kuma lura da abin da kai ka gani, cewa gishiri da asid mai kulorayid suna kashe shuɗin, shekaru da yawa kafin a san akwai ilektiron.

To sai batun zazzaɓi, kuma a nan ina so a fahimce ni da kyau, domin kuskure a wannan wuri yana iya cin rai. Kwinin magani ne na gaskiya. A 1854 likitan nan William Baikie ya jagoranci jirgin ruwa mai suna Pleiad ya hau kogin Kwara ya shiga Binuwai, yana ba mutanensa kwinin kullum, ya dawo ba tare da zazzaɓi ya kashe ko ɗaya daga cikin Turawan jirgin ba, alhali tafiyar 1841 ta yi asarar rayuka masu yawa. Wannan nasara tana cikin abubuwan da suka buɗe wa Turawa hanyar shiga cikin ƙasar nan. Yadda yake aiki kuwa shi ne, ƙwayar cutar tana cin jan sinadarin da ke cikin jini, ragowar da ke fita mai ƙarfe guba ce gare ta, sai ta dunƙule shi ya zama ƙanƙara mara illa. Kwinin yakan taru a jakar narkar da abincinta mai tsami ya hana wannan dunƙulewa, gubar ta kashe ta. Wannan aiki yana buƙatar ƙwayar kwinin gaba ɗayanta, da kejin da gadar da yadda suke fuskantar juna, alhali ƙyalli rabin ƙwayar kawai yake buƙata. Sinkonin, wanda ba ya ba da shuɗin, yana kashe ƙwayar cutar. Zoben kwinolin mai metoksi shi kaɗai, wanda yake ba da shuɗin, ba magani ba ne. Haske da magani abubuwa biyu ne da suka haɗu a gida ɗaya, ɗaya ba ya shaidar ɗaya.

Kuma ƙyalli yana ruɗin ido game da yawa. Da yake ana ganinsa ne a kan duhu, ɗan kaɗan yakan yi kama da mai yawa; na'ura tana iya gano 'yan mikrogiram na kwinin a cikin lita guda, kuma da wannan hanya masu bincike a Amurka suka riƙa auna magungunan zazzaɓi a jinin mutane lokacin yaƙin duniya na biyu. Dokar Amurka ba ta yarda kwinin ya wuce miligiram 83 a litar tonik ba. Babban mutum da ake yi wa magani da kwinin kuwa yana shan miligiram 600 na gishirin kwinin duk bayan awa takwas har kwana bakwai. Kafin ya sami abin da ke cikin sha ɗaya, sai ya shanye fiye da lita shida na tonik, wato kusan lita ashirin a yini. Don haka tonik ba ya maganin zazzaɓin cizon sauro, ba ya kuma riga-kafinsa, kuma wanda ya dogara da shi yana ba cutar lokaci ne kawai. Ko a asibiti ma kwinin ya sauka daga sahun gaba: gwajin da aka yi a kan yara fiye da 5,000 a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya, wanda aka wallafa a 2010, ya nuna allurar atesunet ta fi shi ceton rai a zazzaɓi mai tsanani, kuma a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita ta. Kwinin yana da illolinsa, daga ƙarar kunne da jiri zuwa faɗuwar sukarin jini, shi ya sa ba a shansa sai da umarnin likita. Ɗan abin da ke cikin lemo bai kai wannan mataki ba ga yawancin mutane, sai dai wanda jikinsa ba ya karɓar kwinin ya kamata ya guje shi gaba ɗaya. Ƙyallin kansa ba shi da wata illa, kuma ba shi da alaƙa da tururin nukiliya. Abin kiyayewa shi ne kada yara su ƙura wa fitilar ido, kada kuma a yi amfani da fitilar kashe ƙwayoyin cuta mai nanomita 254, wadda take ƙona ido da fata.

Mai yiwuwa ɗalibi ya tambaye ka amfanin wannan haske ga bishiyar. Sinkona tana gina kwinin ne daga tiriftofan, ɗaya daga cikin tubalan furotin, kuma ɗacinsa da gubarsa kariya ce daga masu cin ɓawo da ganye. A cikin ɓawo yana ɗaure da wasu asid da sinadaran jima, a wurin da ultrabayolet ba ya shiga. A ganina ƙyallin sakamako ne kawai na siffar zoben, ba abin da bishiyar take nema ba.

Kwinin kuma ba shi kaɗai ba ne a cikin tsirrai. Tun a 1565 likitan Sifen Monardes ya bayyana wani itace daga Meziko da ke mayar da ruwa shuɗi, ɓawon wata bishiyar Turai kuma yana da sinadarin eskulin, wanda a 1929 Paul Krais ya nuna yana ƙara wa zare fari ta hanyar mayar da ultrabayolet shuɗi, dabarar da garin sabulun wanki yake amfani da ita yau da sinadaran masana'anta, shi ya sa farar riga take walƙiya a ƙarƙashin fitilarka. Idan kana so ɗalibanka su ga wani launi daban da kayan da ke kusa da su, a daka ganyen zogale ko alayyahu a cikin sifirit, a tace da tsumma mai tsabta, a haska a ɗaki mai duhu: ruwan da yake kore shar zai nuna ja kamar jini, wajen nanomita 670, domin koren ganye da aka raba da injinsa na sarrafa hasken rana ba shi da inda zai kai kuzarin sai ya mayar da wani ɓangarensa haske. Garin kurkur a cikin sifirit kuma yana ba da rawaya mai ratsin kore. A jera kofuna ukun tare da na tonik mai gishiri da mai sukari da mai bekin soda, a nisanta sifirit daga wuta, a sa kowane ɗalibi ya rubuta abin da yake tsammani zai faru kafin a kunna fitilar.